CIWON IDO MAI YAƊUWA: AFOLO DA 'YAN'UWANSA

Maigida, wannan ɗan littafi naka ne, kai da iyalinka. In ka iya karatu, ka tara su da dare bayan an ci tuwo ka karanta musu. In ba ka iya ba, ka sa yaro ɗan makaranta ya karanta da ƙarfi, kowa ya ji, har da matan cikin gida, gama su ne ke wanke wa yara fuska.

Zancen ciwon idon nan ne da ke shigowa gari kamar wutar daji. Yau ka ji ya kama mutum ɗaya a gidan maƙwabci, jibi ka ga rabin unguwa da jajayen idanu, kowa yana tafe yana kare fuska daga rana. Mutane suna ce masa Afolo. Abin da mu ke so ka riƙe tun daga farko shi ne wannan: ciwon nan yana da ban tsoro ga gani, amma kusan kullum shi ke warkewa da kansa. Waɗanda su kan rasa ido a lokacinsa, yawancinsu abu biyu ne ke jawo musu. Ko dai sun ɗiga wani mugun abu a ido da sunan magani, ko kuwa wata cuta ce dabam ta kama su, suka zauna gida suna cewa Afolo ne.

INDA SUNAN YA FITO

A watan Yuni na shekarar 1969 wani sabon ciwon ido ya ɓulla a kewayen Accra, babban birnin ƙasar Gana. Likitoci ba su taɓa ganin irinsa ba. A watan Yuli na wannan shekara kuwa mutanen Amurka suka sauka a kan wata cikin kumbon da a ke kira Apollo 11. Da abubuwan nan biyu suka zo a jere, sai mutanen Gana suka laƙa wa ciwon sunan kumbon. Har waɗansu suka ce ƙurar wata ce aka kwaso ta zubo wa duniya. Wannan zance ba shi da tushe, ciwon ma ya riga saukar. Amma suna ya riga ya bi shi.

Cikin 'yan watanni ya bi gaɓar teku ya shigo Nijeriya, ya ratsa waɗansu ƙasashen Afirka. A 1971 ya mamaye Indiya, ya kai har Japan. A 1981 ya sake tashi, ya ƙetare teku ya shiga ƙasashen Amurka. Tun daga nan bai bar duniya ba, sai ya lafa ya sake tasowa. A 2023 ya yi yawa a Pakistan har aka rufe makarantu na 'yan kwanaki a lardin Punjab, a farkon 2024 kuma ya kama mutane da yawa a Tanzaniya da Kenya. Ka ga ashe ba ciwon ƙauye ba ne, ba kuwa na talaka kaɗai ba.

ABIN DA KE KAWO SHI

Ka sha jin ma'aikatan lafiya suna zancen ƙwayoyin cuta, watau 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani. To, iri-iri ne. Akwai waɗanda a ke kira bakteriya. Su a kan gan su da madubin likita, kuma akwai magungunan da ke kashe su, irin su kafso da alluran da ka sani. Akwai kuma waɗansu da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, a ke ce musu bairas. Su madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su, sai wani babba mai aiki da lantarki. Ƙwayar Afolo, in da za a jera guda 30,000 a layi ɗaya, ba za su kai faɗin ƙwayar gero guda ba.

Bairas ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta shiga cikin naman jikin mutum ta mai da shi gidanta, shi ya riƙa haifo mata 'ya'ya. Mura da ƙyanda da shan-inna duk aikin bairas ne. Maganin da ke kashe bakteriya kuwa ba ya yi mata kome. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi zai hana ka ɓarnar kuɗi a kantin magani.

Ƙwayoyi biyu ne ke kawo Afolo na ainihi. Ta farko ita ce ta Gana. A 1972 wani masani na ƙasar Japan, Reisaku Kono, shi da abokan aikinsa suka ba da labarin sun gano ta, daga baya aka sa mata suna enterobairas mai lamba 70. Ta biyu ta ɓulla a Singafo a 1970, sunanta koksaki A24, ita ce kuwa ta fi tashi a shekarun baya-bayan nan. Dukansu biyu dangin ƙwayar shan-inna ne. Ba sai ka haddace sunayen nan ba. Mun kawo su ne domin ka san abin an bincika shi, an gan shi, an san asalinsa. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kambun baka ba.

Inda su kan zauna shi ne wata 'yar siririyar fata mai laushi da ta lulluɓe farin ido, ta kuma shimfiɗa a cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa. In ka ja fatar idon yaronka ƙasa, jan wurin nan mai damshi da ka ke gani, ita ce. Cike ta ke da 'yan ƙananan jijiyoyin jini. In ƙwayar cuta ta shige ta, sai jijiyoyin su kumbura, shi ne jan da ka ke gani.

YADDA AFOLO YA KE ZUWA

Afolo ba ya sallama. Daga ranar da ƙwayar ta shiga ido zuwa ranar da ciwo zai bayyana, kwana ɗaya ne ko biyu, wani lokaci ma bai kai kwana ba. Mutum ya kwanta lafiya lau, ya tashi da asuba ya ji kamar an watsa masa yashi a ido. Ya murza, ya wanke, abin na nan. Kafin azahar ido ya yi ja wur, yana zafi, yana zubar da hawaye, fatar ido ta kumbura har wani ba ya iya buɗewa sosai. Hasken rana ya dame shi. Ya kan fara da ido ɗaya, amma kafin kwana ɗaya ko biyu ɗayan ya bi sawu.

Babbar alamarsa ita ce jini a farin ido. Ɗaga fatar ido ta sama ka duba, za ka ga ɗigo-ɗigon jini, wani lokaci su haɗu su zama faci guda, kamar an shafa jan fenti. Wannan shi ke tsorata mutane, har su ce ido ya fashe. Bai fashe ba. 'Yan jijiyoyin nan ne suka tsattsage, jinin ya kwanta a ƙarƙashin fatar, kamar yadda jini kan taru a ƙarƙashin farce in ka buge shi. Ba ya shiga cikin ido, ba ya taɓa gani. Jiki ne zai shanye shi da kansa.

Sa yatsa a gaban kunne, daidai inda muƙamuƙi ke motsi. Sau da yawa za ka ji 'yar kaluluwa mai ɗan zafi. Wannan alama ce mai amfani, gama ta fi zuwa tare da ciwon ido na bairas. Waɗansu kuma su kan yi ɗan zazzaɓi da ciwon kai da kasala.

Duba kuma abin da ke fita daga idon. Na Afolo ruwa-ruwa ne, hawaye da 'yar kwantsa kaɗan wadda kan manne gashin ido da safe. In ka ga ruwan ɗorawa mai kauri kamar mugunya, kana sharewa yana dawowa, to, wannan wani zance ne dabam, za mu zo kansa.

Zafin ya kan kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, sa'an nan ya fara sauka. Cikin mako guda yawancin mutane sun koma gona. Jan kan ɗan daɗe, ya kai kwana goma ko mako biyu, yana dusashewa a hankali. Wanda ya yi Afolo bana yana iya sake yi wata shekara, domin ƙwayoyin ba ɗaya ba ne, kuma kariyar da jiki ke samu ba ta daɗewa.

Akwai abu guda da ba a cika gani ba, amma ya kamata ka sani. Tun da ƙwayar mai lamba 70 'yar'uwar shan-inna ce, an sami waɗansu mutane ƙalilan, musamman a Indiya, da ƙafa ta saki bayan ido ya warke da 'yan makonni. A cikin dubban mutane da ƙyar a sami ɗaya. Amma in wani naka ya yi Afolo, daga baya ya ji ciwon baya da rashin ƙarfi a ƙafa, ko gefen fuska ya karkace, a kai shi babban asibiti ba tare da jinkiri ba.

ƊAN'UWANSA MAI NAUYIN TAFIYA

Akwai wani ciwon ido mai yaɗuwa wanda mutane ke haɗa shi da Afolo, su kira su da suna ɗaya, alhali kuwa dangin ƙwayarsa dabam ne. Sunanta adenobairas. An gano ta a Amurka a 1953, a 1955 kuma aka tabbatar ita ke kawo wannan ciwon ido. Tana da iri fiye da 50. Waɗansu mura su ke sawa, waɗansu gudawa ga yara, waɗansu kuwa, kamar masu lamba 8 da 19 da 37, ido su ke nema.

Wannan ya girmi Afolo. A 1941 ya kama dubban ma'aikata a wurin gyaran jiragen ruwa na Hawaii, har aka riƙa ce masa ciwon idon masu ƙera jirgi. Abin lura a labarin nan shi ne, a irin waɗannan ma'aikatu ɗakin shan magani kansa ya kan zama hanyar yaɗa shi. Ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa wa ma'aikaci a ido, ya je a cire masa, a taɓa shi da hannu ko kayan aikin da aka taɓa mai ciwo da su, ya koma gida da cutar da bai zo da ita ba. Saboda haka in ka ga ma'aikacin lafiya yana wanke hannu kafin ya duba ka, kada ka ɗauka ƙyamarka ya ke yi. In ma bai wanke ba, kana da ikon tuna masa cikin ladabi.

Ga yadda za ka bambanta shi da Afolo. Shi ba ya gaggawa. Ƙwayar ta kan yi mako guda a ido, ko fiye, kafin ciwo ya fito, har mutum ya manta inda ya ɗauko. Ya kan fara da ido ɗaya, ɗayan ya biyo baya da 'yan kwanaki, kuma na biyun bai cika kai na farko tsanani ba. Kaluluwar gaban kunne ta fi girma. Fatar ido ta kan yi suntum. Ga waɗansu, wata farar yana ta kan kwanta a cikin fatar ido kamar saman madarar da aka dafa. Kada ka sa hannu ka ɓare ta, aikin asibiti ne. Ciwon kuma ya kan kai mako biyu ko uku.

Babban abin da ya raba su shi ne, wannan yana taɓa baƙin ido. A saman baƙin ido akwai wani ɓawo garau kamar gilashin agogo, ta nan haske ke shiga. Bayan mako guda ko biyu, daidai lokacin da ja ya fara raguwa mutum yana murna, sai waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo masu kama da hazo su fito a jikin gilashin nan. Sai ya riƙa gani dishi-dishi, fitilar mota ta riƙa kashe masa ido da dare. Ɗigon nan su kan yi watanni, wani har shekara ko fiye, amma ga yawancin mutane su kan share. Wanda ya ga haka ya je wurin likitan ido. Akwai maganin da ke sauƙaƙa shi, sai dai irin maganin da ba a sa shi sai likita yana duba idon a kai a kai.

Waɗansu 'yan gidan adeno kuma, kamar masu lamba 3 da 7, yara su ka fi kamawa. Yaro ya yi zazzaɓi, maƙogwaro ya yi ciwo, hanci na yoyo, ido ya yi ja. Su kan same shi wurin wasa da juna da wurin wanka a ruwa ɗaya. Cikin mako guda ko biyu ya wuce.

TA INA YA KE BI?

Mutane da yawa sun gaskata cewa in ka haɗa ido da mai Afolo ka ɗauka. Ba haka ba ne. Ƙwayar cuta ba ta da fiffike, ba ta bin kallo. Za ka iya zama ka kalli mai ciwon tun safe har yamma, in ba abin da ya haɗa idonsa da naka, ba abin da zai same ka. Baƙin tabarau da ya ke sawa yana rage masa zafin haske, yana kuma hana shi yawan kai hannu, amma ba shi ke tsare ka ba.

Hannu shi ne babban dillalin wannan cuta. Hawayen mai ciwo cike ya ke da ƙwayoyi. Ya murza ido, ya ba ka hannu kun gaisa, kai kuma can an jima gumi ya gangaro maka ka share ido da yatsa. Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Ka lura da kanka yini ɗaya ka ga sau nawa hannunka ke zuwa fuska ba da saninka ba.

Bayan hannu sai abin da hannu da fuska ke taɓawa. Tawul ɗaya da gida duka ke goge fuska da shi. Hankici. Matashin kai. Hannun buta, da marfin randa, da moɗa, da mariƙin ƙofa, da wayar hannu da a ke miƙa wa juna. Ƙwayar adeno tana da taurin rai ƙwarai, ta kan yi makonni a jikin busasshen abu tana jiran mai taɓawa. Ita kuma tana bin tari da atishawa.

Ke uwargida, ga naki. Haɓar zanen da ki ke share wa wannan yaro ido da ita, ki juya ki share wa wancan, ita ke raba ciwon a ɗakinki. Haka tandun kwalli. Tsinke ɗaya ya shiga idon amarya, ya shiga na ƙawayenta, ya koma tandu, gobe a sa wa jariri. Ba a hana ki kwalliya ba, amma in ciwon ido ya shigo gari kowa ya tsaya ga nasa. Mai ciwo ta ajiye kwalli sai ta warke, wanda ta yi amfani da shi tana ciwo kuma a zubar.

Shi ya sa ciwon ya fi son inda jama'a ke cunkushe kuma ruwa ya yi ƙaranci: makarantar kwana, tsangaya, bariki, tasha, gidan biki, ranar kasuwa. Afolo ya fi tashi da damina da ƙarshenta, lokacin zafi da gumi. Na adeno ba shi da lokaci.

IN YA SHIGO GIDANKA

Babu allura ko ƙwaya ko maganin ɗigawa da ke kashe ƙwayar Afolo, babu kuma allurar rigakafinsa. Jikinka ne ke yaƙinsa, yana kuwa cin nasara. Aikinka shi ne ka sauƙaƙa wa mai ciwo, ka kuma tsare sauran.

A tafasa ruwa, a bar shi ya huce a rufe. A sami auduga ko tsumma mai tsabta a jiƙa, a share kwantsa daga wajen hanci zuwa wajen kunne, kowane ido da nasa. Audugar a jefa a wuta ko a masai. Tsumma mai sanyi a kan ido a rufe yana rage kumburi da zafi. In akwai ciwon kai ko zazzaɓi a sha farasitamol yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. A zauna a inuwa. Kada a ɗaure idon da ƙyalle. Wani lokaci a asibiti a kan ba da man ido irin su tetrasaikilin ko maganin ɗigawa kuloramfenikol, in an ga alamar bakteriya sun shigo sun yi caffa. In an ba ka, naka ne kai kaɗai. Kwalba ɗaya da ke zagaya gida tana taɓa gashin idon kowa, ita ma tandun kwalli ce.

Mai ciwo ya ware tawul da matashinsa da butarsa. A wanke kayansa da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana. Kowa a gidan ya riƙa wanke hannu da sabulu, a zuba masa ruwa yana gangarewa ƙasa, kada a tsoma hannu a kwano ɗaya. Kafin alwala ma a fara da sabulu, tun da hannu zai je fuska. In kana da ruwan nan mai kulorin da a ke wanke fararen tufafi da shi, zuba awo ɗaya cikin awo tara na ruwa a goge ƙofa da buta da abin da a ke yawan taɓawa. Wannan na kaya ne kaɗai, ko kusa da ido kada ya je, a kuma ɓoye shi daga yara.

Yaro mai ciwo ya zauna gida har ido ya daina ruwa. Na Afolo kamar mako guda ne, na adeno yana iya ba da cuta har mako biyu. Kai kuma in ya kama ka, ɗaga hannu daga nesa ya isa gaisuwa. Mai hankali ba zai ce ka yi girman kai ba.

ABIN DA KE MAKANTA MUTANE

Nan ne ya kamata a kasa kunne. In ciwon ya zo, kowa ya zama likita. Wannan ya ce ruwan sukari, wancan ya ce ruwan gishiri mai kauri, ko ruwan albasa, ko lemun tsami, ko nonon mai jego, ko ruwan wani ganye. Har akwai masu cewa ruwan batir, ko fetur, ko fitsari. Mai ba ka shawarar zai rantse ya gwada ya warke. Gaskiya ne ya warke, amma da bai sa kome ba ma da ya warke, gama mun gaya maka ciwon kwana bakwai ne. Sa'a ya yi, maganin ya karɓi yabon da ba nasa ba.

Gilashin nan na baƙin ido kaurinsa wajen rabin milimita ne kawai. Ruwan batir da fetur da lemun tsami ƙona shi su ke yi. Ruwan ganye da ba a san tsabtarsa ba ya kan shigar da waɗansu ƙwayoyi da ke cin sa. In ya yi gyambo ya warke, farin tabo ya ke bari, shi ne hakiya, hakiya kuwa ba ta wankuwa.

Fitsari ya fi su duka sharri. Mutum yana iya ɗauke da ciwon sanyi bai sani ba. Ƙwayar ciwon sanyi in ta shiga ido tana iya huda shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Likitocin ido a ƙasar nan sun sha ganin wanda ya zo ido biyu duk sun lalace, aka bi sawu aka tarar daga Afolo ne aka ɗiga fitsari. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Na kantin magani ma a yi hattara. Akwai magungunan ɗigawa masu sinadarin da a ke kira sitiroyid, irin su dezametason. Suna kawar da ja nan da nan, shi ya sa a ke son su. Amma in akwai gyambo a baƙin ido, sai su sa ya faɗaɗa ya zurfafa mutum bai ji ba. In an daɗe ana sawa kuma su kan kawo hawan jinin ido da yanar ido. Kada ka saya don ganin kwalinsa, ko don ya yi wa wane amfani. Allura kuma ba ta da aiki a nan, kada ka matsa a yi maka.

BA KOWANE JAN IDO NE AFOLO BA

Lokacin annoba kowane ido ya yi ja sai a ce shi ne. A nan ne waɗansu miyagun cututtuka ke ɓuya.

Jariri wanda bai cika wata ɗaya ba, in idonsa ya kumbura yana fid da mugunya, kada a ce Afolon gida ne ya kama shi, kada kuma a tatsa masa nono a ciki. Sau da yawa cuta ce ya ɗauko wajen haihuwa. A kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne. Za a duba uwa da uba su ma.

Yaro mai zazzaɓi da tari da mura da jan ido, a duba jikinsa ko ƙuraje za su feso daga bayan kunne da fuska. Ƙyanda ke nan, ita ma bairas ce, amma ita tana makantawa, tana kuma kisa. Tana cinye bitamin A na jikin yaro, baƙin ido ya bushe ya yi gyambo. A asibiti za a ba shi bitamin A ranar da aka kai shi da kuma kashegari. Ita tana da rigakafi, ana fara yi wa yaro yana wata 9, kyauta ne kuwa.

Ido ɗaya tak da ya yi ja, ɗayan lafiya lau har kwanaki, yana zafi mai tsanani, musamman in kara ko ƙaiƙayi ya taɓa soke shi a gona, wannan ba na zaman jira ba ne. Sa mai ciwo ya fuskanci haske ka duba baƙin idon. In ka ga fari ko hazo a kansa, gyambo ne. Haka babban mutum da ido ya yi masa ja tare da ciwon kai mai tsanani da amai, yana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan hawan jinin ido ne na farat ɗaya, sa'o'i kaɗan ke tsakaninsa da makanta.

Akwai kuma masu sauƙi. Jan ido na ƙurar hunturu da hayaƙin murhu ba ya yaɗuwa. Yaron da idonsa ya yi ƙasa-ƙasa shekara da shekaru yana ta susa saboda ƙaiƙayi, shi ma ba ya ba kowa, kada a kore shi daga makaranta, amma a kai shi a duba.

Ga gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A share hawaye da kwantsa, a rufe ido ɗaya da tafin hannu, mai ciwo ya dubi wani abu daga nesa, kamar rubutun jikin bango ko yatsun wanda ya tsaya a bakin zaure. Sa'an nan a gwada ɗayan. Mai Afolo, in ya ƙyafta ya share, yana gani garau kamar da. In gani ya ragu, ko zafi yana ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa, ko mako guda ya wuce ba sauƙi, a tafi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba ka takarda zuwa sashen ido na babban asibiti, ko Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna.

In za ka tafi, ɗauki duk kwalbar da aka ɗiga wa idon ka tafi da ita. In an sa wani abu na gida, faɗi gaskiya ko mene ne, ko da fitsari ne, gama maganin da za a ba ka ya danganta ga amsarka. In kuwa ka ga gidaje da yawa sun kamu cikin mako ɗaya, sanar da mai unguwa da ma'aikacin lafiya na yankinku, domin a gargaɗi malaman makaranta da masu tsangaya tun kafin ranar kasuwa ta zagayo.